Kuka a Cikin Silin

Goggo Laure ce ta fara ganin gawar, don ita kaɗai ce a gidan take tafiya tana duban ƙasa. Tun da ciwo ya kashe mata ƙafar hagu da jan gindi take zuwa ko'ina, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya riƙe da buta. Da hantsin nan ta ja jiki za ta zagaya, sai ta hangi kyanwarta Toka tsugune a bakin bolar da ke bayan kicin, tana lasar wani abu.

Ɗan kyanwar ne, shi kaɗai ya rayu a haihuwar. Kansa na cikin ledar madarar gari, irin mai kaurin nan mai ƙyalli daga ciki. Ya cusa kai don ya lashe ɗan garin da ya maƙale a ƙasa, da ya ja numfashi ledar ta bi shi ta manne masa a fuska. Har ana ganin shatin hancinsa da buɗaɗɗen bakinsa ta waje. Ƙafafunsa na baya sun tona ƙasa sun yi rami, ya yi kashi a jikinsa, kiyashi sun riga sun yi layi.

Goggo ta ja ledar, ta fita da ƙyar. Ta daɗe tana kallon 'yar fuskar nan da ta jiƙe sharkaf, sannan ta ɗaga murya ta kira matar gidan.

"Jannatu! Taho ki ga abin da bolag ga taku tay yi."

Jannatu ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta tsaya daga nesa, ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Haba Goggo, ni nic ce ko wani abu na yaf faru."

"Wanga ba wani abu ba na?"

"Ɗan mussa na fa. Kwanansa sunka ƙare. Ki bari yarinyag ga Kausar ta zo ta jefa shi bayan katanga."

Ta juya ta koma kicin. Ba a jima ba wata leda ta fito ta taga, ta sauka dab da ƙafar Goggo, man tsiren jiya na naso a jikinta.

Gidan na Alhaji Nasrullahi ne, ɗan ƙanen Goggo, wanda ta goya ta yaye ta kai makaranta. Da aka ƙirƙiro jiha aka dawo da shi daga Sakkwato, aka ba shi ofis mai kafet, ya gina gida a unguwar Gwadangaji da ke Birnin Kebbi. Da ciwo ya kwantar da Goggo a Argungu ya je ya ɗauko ta, ita da ƙunshin kayanta da tabarmarta da kyanwarta, ya ba ta ɗakin da ke kusa da sito. Kowa ya yaba masa.

Cin gidan ba irin wanda Goggo ta sani ba ne. Komai a leda yake zuwa, ko a gwangwani, ko a roba. In an ci abin da ke ciki, sai a cilla mazubin ta tagar kicin. Can suka taru suka yi tudu: gwangwanayen kifi masu baki a wage, ledojin burodi da na biskit, robobin da ƙasansu ya yi fumfuna. In rana ta take, tsami da ƙarni su tashi su cika tsakar gida, ƙudaje kore su yi ta bikinsu. Masu gidan ba su jin komai, don falo da ɗakunansu suna can gaba, da turaren wuta da fanka. Ƙofar Goggo ce take kallon bolar.

Da azahar Sara ta shigo. Maƙwabciyarsu ce, matar Job mai gyaran janareta, mutanen Filato ne da aiki ya kawo su Birnin Kebbi. Ta saba leƙowa ta gaida tsohuwa, wani lokaci da ɗan kunun gyaɗa a kofi. Da ta ji abin da ya faru sai ta riƙe haɓa.

"Mama, haka karenmu ya mutu a Jos. Ledar biskit ce. Na shiga wanka na fito, shi ke nan. Kare babba fa, mai ƙarfi. In ledar ta manne, ba su san yadda za su cire ba. Tun daga ranar ba na yar da leda sai na tsaga ta gefe da gefe. Gwangwani in take shi ya lotse, roba kuma in rufe ta da murfinta."

Goggo ta jinjina maganar. Bayan Sara ta tafi, ta kwance ƙunshinta ta zaro 'yar wuƙarta, wadda ta yi shekaru tana feɗe kifi da ita a bakin gulbi. Ta ja jiki zuwa bola. Ta ɗauki leda ta tsaga, ta ajiye gefe. Ta ɗauki gwangwani ta daka masa dutse. Ruwan ruɓa na bin hannunta har gwiwar hannu, tana tofar da yawu tana ci gaba.

A haka ƙawayen Jannatu suka same ta, matan manyan ma'aikata su biyu da suka shigo ta ƙofar baya. Suka gaishe ta sama-sama, suka kalli juna, suka wuce.

Da Alhaji ya dawo daga ofis bai ko cire hula ba ya iso ƙofarta. Ya durƙusa, don shi mutum ne mai ladabi a gaban jama'a da bayansu.

"Goggo, mi munka rage ki da shi? Abinci? Sutura? Yau an ga uwata tana tonon bola kamar mahaukaciya. Gobe gari duk shi ɗauka ba mu ba ki abinci."

"Nasuru, ba ci nike ba. Tsagawa nike, kar ta kashe wani abu kuma. In ba ku son in taɓa, ku tsaga da kanku kafin ku yar. Minene wahala ciki?"

"Jannatu na da aiki. Ki bari, ran Asabar in sa a zo da baro a kwashe duka."

Ya miƙa hannu cikin lallashi ya karɓi wuƙar, wai kada ta yanke. Ya tafi da ita. Asabar ta zo ta wuce, mai baro bai zo ba.

Toka kuwa tun mutuwar ɗanta ta rame. Nononta ya kumbura, tana zagaya gida tana kira. Jannatu ta hana a ba ta ragowar abinci, wai tana sabawa da shiga kicin. Abin da Goggo ta gutsura mata daga tuwonta shi ne cinta, shi kuwa bai isa ba. Bola ta zama wurin kiwonta.

Akwai wata robar alewa mai faɗin ciki da ƙaramin baki, garau ana ganin cikinta. Jannatu ta daɗe tana zuba wa maigidanta dambun kifi a ciki. Da ta ga ta yi maiƙo, ƙyuyar wankewa ta sa ta cilla ta taga, murfin ya tafi wani wuri, ɗan dambu na manne a ƙasanta.

Wata ƙara ce ta fito da Goggo. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, a jikin bango. Toka ce take ja da baya, robar a kanta har wuya. Kunnuwanta sun kwanta sun shige, yanzu sun miƙe sun tokare. Tana sa ƙafafun gaba tana turawa, roba na zamewa. Kukanta na fitowa a toshe, kamar daga cikin rijiya.

"Kausar! Kausar! Taho da sauri!"

Kausar ita ce babbar ɗiyar gidan, tana aji huɗu a sakandare. Ta fito, ta gani, ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Umma! Taho ki ga mussar Goggo ta sa hular kwano!"

Jannatu ta leƙo, ita ma dariyar ta kama ta.

"Ku kamo mani ita," in ji Goggo, tana jan jiki da duk ƙarfinta. "Ku jefa mata zane ku kamo, ku kawo man gyaɗa in shafa mata ga wuya, yanzu ta zame."

"Ni? Ta yakushe ni?" in ji Jannatu. "Kwaɗayinta yak kai ta."

"Bari in cire mata," in ji Kausar. Ta ɗauko muciya ta kwaɗa wa robar. Toka ta yi sama ta faɗo. Ta sake kwaɗa mata, tana dariya. Kyanwar ta zabura a makance, ta bugi turmi, ta bugi ƙofa, ta faɗa sito. Goggo na jin ta tana hawan buhunan shinkafar da aka jibga har sama. A kusurwar siton akwai wata 'yar kafa a silin, wadda mai haɗa wuta ya bari bai toshe ba. Ta nan ta shige.

Sai ƙarar ta koma sama. Ƙwal, ƙwal, tana tafiya a kan rufi, ta wuce kicin, ta wuce ɗakin yara, ta nufi falo.

Bazara ce, irin ta Birnin Kebbi, wadda ko a inuwa mutum ke jin kamar ana gasa shi. Tsakanin kwano da silin kuwa tanda ce.

Goggo ta ja jiki har ƙofar falo, inda ba ta saba zuwa ba, ta zauna jiran Alhaji. Falon sai ƙamshin sabon fenti yake. An yi wa Alhaji ƙarin girma, ya zama darakta, an sa ranar walima mako mai zuwa. An sauya kujeru, an sake silin fari fat, an rataya fitila mai ƙwai da yawa a tsakiya.

Ya shigo, ya saurari maganarta, ya ɗaga kai ya saurari ƙarar.

"To, mi kike so a yi, Goggo?"

"A kira kafinta shi ɗaga allo guda."

"A fasa silin? Wanga da anka gama shekaranjiya? Saboda mussa?" Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. "Yadda tash shiga haka za ta fito. Dabba ta fi mu sanin hanya. Ki je ki huta."

Washegari Toka ba ta fito ba. Da safe ƙarar na yawo daga kusurwa zuwa kusurwa. Da rana ta take, kwano ya fara ƙara don zafi, sai kukan ya tashi, dogo, a toshe, yana yankewa yana dawowa. Goggo ta san mene ne yankewar. Numfashi ne ba ya isa. Iskar da ke shiga ta gefen wuya ba ta fi ta bakin allura ba, sauran duk tururin bakinta ne take sake shaƙa.

"Jannatu, don girman Allah aika a kira kafinta. Akwai Hodi nan bakin titi."

"Goggo, maigida ba shi nan in shigo da namiji gida? Kin san halinsa."

Ta shiga falo ta kunna bidiyo, ta ƙara murya. Kiɗan fim ya danne kukan, sai dai in an zo wurin da masu fim suka yi shiru. A nan Kausar kan ce, "Kai, mussag ga ta dame mu," ta ɗauki sandar goge-goge ta zunguri silin.

Sara ta jiyo daga gidanta, don katanga ɗaya ce tsakaninsu. Da yamma ta zo da mijinta, yana saɓe da tsani. Alhaji ya tare su a ƙofar gida, ya ba Job hannu, ya tambayi aiki, ya tambayi yara.

"Ranka ya daɗe, allo ɗaya zan ɗaga," in ji Job. "Zan mayar yadda yake."

"Na gode, Malam Job, Allah shi bar zumunci. Amma ka san gida da iyali. Kuma masu fenti sun ce kar a taɓa sai ya bushe sosai. Mun gode ƙwarai."

Job ya koma da tsaninsa. Sara ba ta koma ba. Ta shiga sito ta tattare zane ta hau buhunan shinkafa, ta cusa kai da tocila a kafar. Kafaɗarta ba ta shiga. Zafin da ya bugi fuskarta sai da ta ja baya.

"Kin gane ta?" in ji Goggo daga ƙasa.

"Ina hango ƙyallin robar, can nesa, wajen falo. Tana kwance. Mus, mus, mus! Mama, ki kira ta, ta san muryarki."

Goggo ta buɗe baki ta kira, da muryar da take kiranta da ita in ta gutsura tuwo. Aka ji ƙwal. Aka ji jan jiki kaɗan. Sai robar ta tokare da wani katako, ta yi ta bugunsa, ta yi ta bugunsa, ba ta san ta kauce ba.

Sara ta sauko ta ɗebo ruwa a murfin kwano ta tura cikin kafar iya tsawon hannunta. Tana saukowa ta tsaya, ta dubi Goggo, Goggo ta dube ta. Ko kyanwar ta iso ga ruwan, da wane baki za ta sha? Sara ta share fuska da gefen zane ta fita ba sallama.

Aka sake kwana. Goggo ta tare Alhaji yana fitowa zai tafi masallaci, carbi a hannu, farar shadda na ƙamshi.

"Nasuru, tsaya. Kai ɗan malamai na. Ubanka ya karantar, kakanka ya karantar. Ka san abin da anka ce game da wadda tat tsare mussa har tam mutu. Ni da ban yi karatu ba na sani."

Ya gyara tsayuwa. A nan fagensa ne.

"Na sani, Goggo. Amma a duba da kyau. Waccan ita tat tsare ta da hannunta. Mu wa yat tsare ta? Mu munka sa mata roba? Mu munka kai ta sama? Ita tak kai kanta. Hukuncin ba ɗaya ba na."

"Wa yay yar da robar? Wa yab buge ta da muciya? Wa ka jin kukanta yana cin abinci?"

"Za a tada salla," in ji shi. "In an gama walima, in Allah ya so, a duba."

Ta bi bayansa da kallo. Ta tuna hannun nan da ke jan carbi, ita ta koya masa cin tuwo. Ta juya ta tofar da yawu.

Daga ranar ta daina karɓar abinci. Ba fushi ba ne, loma ce ba ta wucewa. In ta kai hannu ga kwano sai ta ji ƙwal daga sama. Kausar kan ajiye kwanon a bakin ƙofa, in ta dawo ta ɗauke, ta juye a bola. Babu wanda ya tambayi dalili. Jannatu ta ce wa mijinta zafi ne, tsofaffi ba su cin abinci da bazara.

Kukan ya koma nishi. Nishin ya koma wani ɗan kurji, kamar ana jan farce a kan allo, shi ma sai tsakar rana. Gidan kuwa ya cika da hidima. An kawo raguna biyu, an kawo katan-katan na lemo, mata na tsince shinkafa a tsakar gida suna hira. Ɗaya daga cikinsu ta ɗaga kai ta ce, "Kuna da ɓeraye a rufi?" Jannatu ta ce, "Bari kawai, 'yar'uwa," aka ci gaba da zancen atamfa.

Sannan aka wayi gari shiru.

Jannatu ce ta zo da kanta, fuska a sake.

"Kin gani, Goggo? Ba mu gaya maki ba? Ta fita. Tana can gidan wani tana sata."

Goggo ta juya fuska ga bango.

Warin ya fara ne kamar wasa. Kausar ta ce ko kwata ce. Jannatu ta ƙara turaren wuta, ta fesa na gwangwani. Kafin ranar walima ya cika falo, ya shiga labule, ya shiga sababbin kujeru, wari mai nauyi mai zaƙi-zaƙi da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Ƙudaje kore suka bar bola suka dawo falo, suka yi baƙi a jikin fitilar nan mai ƙwai da yawa. Wani tabo ruwan ƙasa ya fito a farin silin, yana faɗi.

Da safen walima Jannatu na jera kofuna a faranti, wani abu fari ya faɗo daga gefen fitila, ya sauka cikin kofi, yana motsi. Wani ya biyo shi. Ta ƙwalla ƙara, ta fita da gudu, ta yi amai a bakin rariya.

Alhaji da kansa ya ɗauki mota. Bai aiki kowa ba. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya dawo da Hodi kafinta, da tsani, da guduma. Ba a yi zancen iyali ba, ba a yi zancen fenti ba. Jannatu ma na tsaye ba mayafi tana nuna masa wurin.

"Yi sauri, Malam Hodi, baƙi na tafe bayan azahar."

Hodi ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya hau, ya zare 'yan ƙusoshi, allon ya sauko salin-alin. Aikin bai kai shan kofin ruwa ba. Ya sa buhu ya naɗo abin ya sauko da shi tsakar gida.

Goggo na can ta riga ta iso. Ta ce a buɗe. Hodi ya dubi Alhaji, sannan ya buɗe.

Cikin ya kumbura ya fashe, gashi na zubewa. Farcen gaba duk sun karye, ƙafafun sun yi jini sun bushe. Robar na nan a wuya daram. Cikinta ya yi hazo, amma ana ganin fuskar, baki a buɗe, harshe a waje, manne da ƙasan robar inda ɗan dambun yake. Matan da ke aikin abinci suka watse suna salati suna tofar da yawu.

"A'uzubillahi," in ji Alhaji, hannu a hanci. "Kai ta can bola. A'a, bayan gari. Wagga ƙazanta! Daga yau ba a sake kiwon mussa gidan ga. Kun ga abin da taj jawo muna."

Goggo ta ɗaga kai ta dube shi. Muryarta ba ta tashi ba.

"Ita taj jawo?"

"Goggo, ba yanzu ba, don Allah."

"Yanzu na, Nasuru. Tana da rai tana kuka bisa kanka, kac ce fenti. Da tar ruɓe tad dami hancinka, ga ka da mota. Ashe ana iya ɗaga allon. Ashe namiji na iya shiga gidan."

"Wai duk saboda dabba kike wanga magana gaban mutane?"

"Ba saboda ita ba. Ita ta huta. Kwanan ga duka ina kwance ina saurare, ina lissafin kaina. Ni ma ba ni iya fita inda anka aje ni. Kwana nawa rabona da abinci, ka sani? Wa yal leƙo? Na gane yadda gidan ga shike. Ba a jin kuka cikinsa, wari ɗai aka ji. Ba ni zama in jira ranar da za ku ji nawa."

Alhaji ya dubi agogon hannunsa.

Goggo ba ta bari an kai gawar bayan gari ba. Sara ta zo da fartanya, suka haƙa rami a gindin katanga ta waje. Kafin a rufe, Goggo ta sa aka kawo man gyaɗa a cokali, ta shafa a wuyan da hannunta, ta murɗa robar a hankali. Ta zame ta fita, ba gardama. Sara ta juya baya tana kuka.

Job ne ya je tasha ya samo mota mai zuwa Argungu, ya yi magana da direba ya biyo ta ƙofar gida. Shi da matarsa suka ɗaga Goggo suka sa a gaba, da ƙunshinta da tabarmarta. Akwai Asiya a can, ɗiyar ƙanwarta, mai sayar da kifi banda, ɗaki ɗaya gare ta da yara biyar. Goggo ta ce ko a zaure ne ta kwana. Alhaji ya fito da babbar riga ya tsaya a bakin mota yana cewa, "Goggo, mi mutane za su ce?" Motocin baƙi suka fara isowa, ya juya ya tafi tarbarsu.

An yi walima, ta yi kyau. Hodi ya sa sabon allo, an buɗe tagogi, an ƙona turare mai tsada. Malamai sun yi addu'a, an yabi Alhaji da riƙon zumunci, har wani ya kawo misali da yadda ya ɗauko gwaggonsa ya riƙe. Da aka tambayi tsohuwa, ya ce ta tafi ganin gida. Ga na kusa kuwa ya ce tsufa ne ya fara taɓa ta, ta yi yaji saboda kyanwa. Suka yi dariya, suka ce Allah ya sa mu gama lafiya.

Da jama'a suka watse aka share tsakar gida. Ledojin nama, ledojin cincin, gwangwanayen madara, robobin da aka ci aka bari, duk Kausar ta tattara da tsintsiya ta tura bayan kicin, kowanne da ɗan maiƙonsa a ƙasa, kowanne baki a buɗe. Babu wanda ya tsaga ko ɗaya. Tudun ya ƙara tsawo, ƙamshinsa ya haura katanga ya shiga unguwa, inda kowane gida ke da abin da yake kiwo.